Hukuncin Shiga Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido da Sauka a Tsibirin Santorini

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, shekaruna 63, kuma ni da mai ɗakina mun sauke farali. Babban ɗana yana aiki a Jamus, rabona da jikokina shekara biyar ke nan. Ya ce idan an cire amfanin gona, cikin watan Oktoba, zai biya mana mu same su a Atens ta ƙasar Girka, daga nan mu shiga babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, mu yi mako guda a kan teku, jirgin yana tsayawa a tsibirai, ciki har da wani ƙarami da ake kira Santorini, inda za a sauke mu da safe a kwashe mu da yamma. Bai ɓoye mini ba cewa a jirgin ana sayar da giya, akwai ɗakin caca da wurin iyo. Ni kuwa ruwan da na sani shi ne kogin Haɗeja, jirgin da na taɓa shiga shi ne kwalekwalen fito. A majalisarmu wasu sun ce haramun ne, wasu sun ce ba komai. Mene ne hukuncin tafiyar, kuma yaya zan yi da salla?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya saka wa ɗanka da alheri bisa gaskiyar da ya faɗa maka, domin da ya ɓoye halin jirgin, da sai ka tsinci kanka a tsakiyar teku sannan ka fara tambaya. A taƙaice, tafiyar halal ce a asalinta, amma halaccin yana rataye da sharuɗɗa biyu: kada farillar salla ta tozarta, kuma kada ka zauna a inda ake saɓon Allah alhali kana da ikon tashi.

Hawan teku kansa ba abin zargi ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa shi cikin ni'imominsa a Suratul Jasiya aya ta 12, inda ya ce shi ne ya hore mana teku domin jirage su gudana a cikinsa da umarninsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi barci a gidan Ummu Haram 'yar Milhan, ya farka yana murmushi, ya ce an nuna masa wasu mutane daga al'ummarsa suna hawan tsakiyar teku kamar sarakuna a kan gadaje. Ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, kuma ta kasance, don ta fita tare da mijinta Ubada ɗan Samit a rundunar Mu'awiya da ta tafi tsibirin Ƙubrus zamanin halifancin Usman. Wancan fita ce ta ɗaukaka kalmar Allah, ba zan daidaita ta da yawon buɗe ido ba. Abin da nake ɗauka daga hadisin shi ne, a wannan teku na Bahar Rum da za ka shiga, sahabbai maza da mata sun riga ka shiga. Shehu Halil kuma, a babin Hajji na Muhtasar, ya kafa ƙa'idar da ta dace da tambayarka: teku kamar tudu yake, sai fa idan halaka ta yi rinjaye a cikinsa, ko kuwa mutum zai rasa wani rukuni na salla saboda jiri da makamancinsa. To idan jirin da ke hana ruku'u da sujada zai iya hana mutum bin teku zuwa Hajji, ina ga tafiyar da ba ta wajaba ba? Saboda haka idan kai ko Hajiya kun san kuna da hajijiya mai tsanani, ku ga likita kafin a sayi tikiti.

Waɗanda suka ce haramun ne a majalisarku ba su yi magana a banza ba, akwai abin da suka hango. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, caca kuwa an haɗa ta da giya a haramci guda a Suratul Ma'ida aya ta 90. Sai dai irin wannan jirgi gari ne guda mai hawa-hawa, yana ɗaukar dubban mutane, kowane abu da sashensa. Kuɗin tikiti kuɗin ɗaki ne da abinci da sufuri, kamar na jirgin sama ko masaukin baƙi. Giya da caca wanda ya je musu shi ke biyan kuɗinsu daban. Hukuncinka a ciki kamar hukuncin wanda ya shiga babban birni ne: ba a kama shi da laifin unguwar da bai taka ba. Abin da ya hau kanka shi ne ka gaya wa ɗanka tun yanzu kada ya saya muku tsarin abin sha da ya haɗa da giya ko da an ce rangwame ne, ya nemi teburin iyalinku ku kaɗai domin a babban ɗakin cin abinci akan haɗa baƙi da baƙi, kuma ku nisanci saman jirgin wajen wurin iyo da rana, inda mutane ke kwance kusan tsirara. Kallon farko na ba-zata an yafe shi, na biyu kuwa an rubuta. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya wannan kamewa ba har tsawon mako guda, to a kansa tafiyar ta haramta, kuma shi ya fi kowane malami sanin kansa.

Abinci bai da wahala idan an bi hanya mai sauƙi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce game da teku, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kifi da duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a mazhabarmu, ga shinkafa, ga ƙwai, ga ganye da 'ya'yan itace. Naman da ba ka san wanda ya yanka ba ka bar shi, kuma ka sa ɗanka ya tambaya ko an zuba giya ko kitsen alade a miya, domin girkin Turawa yakan haɗa da su. Wannan hadisin kuma ya isar maka game da alwala: ruwan famfon jirgi, ko da daga teku aka tace shi, ya halatta a yi tsarki da shi. Ka tafi da butarka, don ba lallai ka sami ruwan tsarki a banɗakunansu ba.

Sai salla, wadda ita ce ta fi damuna a wannan tafiya. Ƙasaru yana tabbata a tafiyar burudi huɗu, wato mil 48 kamar yadda ya zo a Risala, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, kuma daga tashar Atens zuwa Santorini kaɗai ya haura kilomita 200. Amma akwai wata gaɓa da ba kowa ke lura da ita ba. Halil ya ce ƙasaru sunna ne ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba, kuma ba mai wasa da ita ba, malamanmu suka ce wanda ya fita don shagala kawai, kamar mai farauta don nishaɗi, makaruhi ne ya yi ƙasaru. Na yi nazarin halinka, na ga ba ka cikin wannan. Kai za ka je ne ka ga ɗanka da jikokin da ka yi shekara biyar ba ka ɗora ido a kansu ba, sada zumunci kuwa ibada ce. Ka gyara niyyarka a kan haka, ka haɗa da lura da halittar Allah kamar yadda ya yi umarni a Suratul Ankabut aya ta 20. Za ka yi azahar, la'asar da lisha raka'a biyu-biyu duk tsawon makon, domin jirgi ba mazauni ba ne, kullum a tafe yake. Idan kuwa kafin shiga jirgin ko bayan fita ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, sai ka cika. Juma'a ba ta wajaba a kanka ba, azahar za ka yi.

Farilla a tsaye ake yin ta a jirgi matuƙar akwai iko, manyan jiragen nan kuwa galibi ba sa tangaɗi kamar kwalekwale, sai in iska ta taso, a nan sai ka dafa bango, in ya gagara ka zauna. Alƙibla ka kiyaye ta sosai. A Ringim ka saba fuskantar gabas ka ɗan karkata arewa, amma a tsibiran Girka Ka'aba tana kudu maso gabas. Ka duba da waya kafin kabbara, kuma idan jirgin ya juya kana cikin salla ka sani, sai ka juya tare da alƙibla. Agogonsu a lokacin yana gaba da namu da awa biyu (daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa ya koma awa ɗaya), don haka kada ka dogara da jadawalin masallacin ƙauyenku. Ka dubi rana, ka sa a saita maka lokutan wurin da kuke.

Ranar sauka a tsibirin ita ce ranar da salla ta fi saurin kuɓucewa, kuma dalilin yana cikin yanayin wurin. Santorini gefen bakin dutse mai aman wuta ne da teku ya cika tsakiyarsa. Manyan jirage ba sa matsowa gaɓa, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane zuwa wata 'yar tasha a gindin dutse. Fira, babban garin tsibirin, yana can bisa, sama da mita 200, kuma hanyar hawa uku ce: akwatunan ƙarfe da igiyar waya ke ja, ko matakala kusan 600 a ƙafa, ko bayan jaki da alfadari. Mazauna tsibirin duka ba su fi dubu 15 da ɗoriya ba, amma a rana guda jirage kan juye musu dubban baƙi, shi ya sa da yamma layin saukowa yakan yi tsawo, kowa yana tsoron kada jirgi ya tashi ya bar shi. Mutum yana cikin wannan layi, alwala ta karye, rana ta yi ja, la'asar ta tafi. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka sauka da sassafe da alwalarka, da 'yar darduma a jaka da gorar ruwa, ka yi azahar da zarar rana ta gota, ka kama hanyar komawa tun kafin cunkoso, la'asar ta same ka a ɗakinka. An sanya wa wannan al'umma ƙasa duka ta zama masallaci, don haka duk wuri mai tsarki ya isa, sai dai Risala ta kawo hani ga yin salla a tsakiyar hanya da cikin coci. Lungunan garin matsattsu ne, sai ka nemi gefe inda ba ka tare wa kowa hanya ba. Game da haɗa salloli biyu, mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne rangwamen na matafiyin tudu ne ban da na teku, amma Shafi'iyya da Hambaliyya ba su bambanta ba. Idan ka ga alamar za ka maƙale, ka haɗa azahar da la'asar a kan maganarsu, hakan ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba da a ce ka bar la'asar har rana ta faɗi.

Batun jakunan nan, kai da ka girma da jaki ka fi ni sanin idan dabba ta gaji. Hukumar ƙasar ta kafa iyaka a 2018 cewa kada a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, saboda koke-koken da aka yi kan wahalar da suke sha a matakalar. Hawan dabba halal ne, amma Abu Dawud ya ruwaito yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa mai wani raƙumi faɗa saboda yana barinsa da yunwa yana kuma gajiyar da shi. In ka ga gyambo a ƙarƙashin sirdi ko dabba tana haki, kada kuɗinka ya ƙara mata nauyi. Ummu Haram ɗin da na ambata, bayan ta fito daga teku lafiya, faɗuwa daga kan abin hawa ce ta zama ajalinta, saboda haka ku bi akwatin igiya kai da Hajiya.

A cikin yawon da kamfanoni ke shiryawa akwai kai baƙi gidajen matse inabi domin ɗanɗanar giya, tunda tsibirin ya shahara da ita. Wannan kada a rubuta sunanka a ciki, ko da ba za ka sha ba. Majami'unsu masu shuɗin rufi ka gan su daga waje ya wadatar, Sayyidina Umar ya ƙi shiga irinsu saboda siffofin da ke ciki. Akwai kuma kufan wani tsohon gari, Akrotiri, wanda tokar dutsen ta binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce, aka fara tono shi a 1967, har ana ganin gidaje masu bene da manyan tuluna a inda masu su suka bar su. Wani zai iya kawo hadisin hana shiga gidajen Samudawa sai da kuka. Wancan wuri nassi ya tabbatar azaba ce ta sauka a cikinsa, wannan kuwa babu nassi a kansa, ba kuma za mu yanke wa mutanensa hukuncin da Allah bai sanar da mu ba. Zuwa can ya halatta, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi cancantar awanninka a tsibirin, in dai ka shiga da zuciyar mai lura.

Takardar izinin shiga da za a ba ka alkawari ce, Allah kuma ya yi umarni da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, don haka ka dawo a ranar da aka rubuta. Kafin ka fita ka bar wa sauran iyali abin da zai ishe su, ka rubuta bashin da ke kanka da wanda kake bi, ka damƙa rumbu da dabbobi a hannun wanda ka amince da shi. Idan ka sa ƙafa a jirgin ka karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa, Bismillahi majreha wa mursaha, ka kuma koya wa jikokinka su faɗa tare da kai.

Allah ne mafi sani.