Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan kuɗin karatun 'yar riƙonta

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan riƙon yarinyar nan.

In na fahimce ki daidai, hukumar kula da yara ta birnin Niyok, wato ACS, ta karɓi 'yar ƙanwarki tana da shekara 14 lokacin da ciwon uwar ya tsananta, kotun iyali ta damƙa miki ita a matsayin mai riƙo daga cikin dangi. Yanzu tana da 15 da watanni, mahaifinta yana Kumasi. Ma'aikaciyar da ke bin fayil ɗinta tana so ki sa hannu a KinGAP, wato shirin da kotu ke naɗa ɗan'uwa mai riƙo waliyyin yaro ya fita daga riƙon hukuma, a rufe shari'ar, maigida ma ya gaji da masu zuwa leƙa ɗaki da firij duk wata. Ke kuma kina tsoron kada sa hannun ya toshe wa yarinyar tallafin karatun jami'a.

Tsoronki yana kan hanya. Na daɗe ina riƙon yaran hukuma a nan Buronks, wasu sun gama kwaleji a hannuna, wasu sun ajiye karatun a tsakiya, don haka shawarata ta farko ita ce kada ki sa hannun nan kafin yarinyar ta cika 16. Watannin da suka rage ba su da yawa, maigida ya ƙara haƙuri.

Kowane tallafi a wannan harka yana da shekarar da yake kallo, kuma da ranar da alƙali ya yanke hukunci ake lissafi, ba da ranar da yarinya ta shigo gidanki ba.

Shekara 13 ita ce ta farko, kuma wannan kun riga kun tsallake ta. A fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, akwai tambayar ko ɗalibi ya taɓa zama a riƙon hukuma daga shekara 13 zuwa sama. Duk wanda amsarsa e ce, ana ɗaukarsa mai cin gashin kansa, ko da daga baya ya koma wurin uwarsa ko wani ya ɗauke shi. Ma'ana ba za a tambayi albashin uwa ba, ba za a nemi takardar harajin uban da ke Kumasi ba, ba kuma za a duba abin da ku kuke samu ba. Abin da yarinyar take samu da kanta kawai za a duba, wanda sau da yawa ba komai ba ne, sai ta samu Pell, tallafin karatu na gwamnatin tarayya, cikakke. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 mafi yawansa dala 7,395 ne, kuma kyauta ne, ba bashi ba.

A nan mutanenmu suke yawan cutar kansu da kyakkyawar niyya. Yarinya ta zo wurin da aka ce iyaye, sai ta rubuta sunan innarta da mijin innarta, don a zuciyarta su ne iyayen, kuma tana jin nauyin ta ce ita 'yar hukuma ce. Sai a lissafa da kuɗin tasin Alhaji da albashin Hajiya, tallafin ya zube. A dokar fom ɗin, mai riƙo ba uwa ba ce, waliyyin da kotu ta naɗa ma ba uba ba ne. Idan lokacin ya zo ki zauna kusa da ita, ki ce mata da bakinki ta amsa e a wannan tambayar, kuma kada ta sa sunanki. In ba daga gare ki ta ji ba, za ta ga kamar butulci take yi.

Shekara 16 ita ce wadda ta shafe ki yanzu. Akwai kuɗin tallafin karatu na yaran riƙon hukuma da ake kira ETV, ƙarƙashin shirin Chafee, wanda aka sa wa sunan Sanata John Chafee na jihar Rod Ailan tun dokar 1999. Yakan kai dala 5,000 a shekara. Wata doka ta 2018 ta ba jihohi damar biyansa har ɗalibi ya kai 26, muddin jimillar shekarun karɓa ba ta wuce 5 ba. Yaron da ya girma a riƙon hukuma har ya fita da kansa ya cancanta. Wanda ya fita ta hanyar KinGAP ko aka ɗauke shi ɗa, sai in fitar ta kasance bayan ya cika 16. Ki lissafa da kanki abin da sa hannu wata huɗu ko biyar kafin lokaci zai iya jawowa. Kuma alfanun wannan kuɗin shi ne ba na aji kaɗai ba ne, ana biyan haya da shi, da littattafai, da kwamfuta, da kuɗin jirgi.

Ma'aikaciyar ba lalle mugunta take nufi ba. Su ana auna aikinsu ne da yawan yaran da suka samu matsuguni na dindindin, fayil ɗin da aka rufe nasara ce a wurinsu. Ki gaya mata a fili cewa kin yarda da KinGAP amma bayan ranar haihuwar yarinyar, sannan ki faɗa wa lauyan yarinyar haka nan. Kowane yaro da ke gaban kotun iyali yana da lauyansa na kansa, daban da na hukuma, daban da na uwar. Da yawa daga cikinmu ba ma kiransa sai a bakin ƙofar kotu, alhali shi ne zai miƙe gaban alƙali ya nemi a ɗaga ranar.

KinGAP ɗin kansa ba na ƙinsa. Ga mu Musulmi ya fi kwanciyar hankali a kan ɗaukar ɗa irin na nan ƙasar, don ba sai an yanke haƙƙin uwa ba, yarinya tana nan da sunan ubanta da nasabarta, ku kuma ana ci gaba da ba ku kuɗin kula da ita, masu zuwa duba gida sun ɗauke ƙafa.

Amma tunda kin tambaya, sai in faɗa miki ɗaya ɓangaren, ku zauna da maigida ku auna. Akwai abubuwan da sai wanda ya kai 18 yana cikin riƙon hukuma yake samu. Inshorar lafiya ta Medicaid har shekara 26 ba tare da an dubi abin da yake samu ba tana cikinsu. A jihar nan yaro yana iya zama a riƙon har 21 in ya amince. Sannan a 2022 birnin ya ƙaddamar da wani shiri mai suna College Choice don ɗaliban da ke cikin riƙon: lokacin da aka sanar da shi, an ce zai cike giɓin kuɗin makaranta har dala 15,000 a shekara, ya biya wurin kwana, ya kuma ba ɗalibi dala 60 a kullum. A lissafin kuɗi zalla, wanda ya zauna har 18 ya fi samu. Sai dai kuɗi ba shi ne komai ba. Na riƙe yarinyar da duk ranar zuwa kotu sai ta kwana ba ta ci abinci ba, ita kam rufe shari'ar ya fi mata kowace dala. Na kuma riƙe wanda ko a jikinsa. Ke kika san taki. Tana da shekarun da za a tambaye ta, kuma kotu ma za ta so jin ta bakinta.

Yanzu ga abin da ban ga kowa ya ambata ba a amsoshin da aka ba ki. A Niyok kuɗin aji ba shi ne ke kayar da yaran nan ba. Kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin Niyok, na shekara huɗu, irin su Lehman da ke nan kusa da mu, sun daɗe a kan dala 6,930 a shekara ga ɗan jiha, na shekara biyu irin su Hostos kuma 4,800. SUNY, jami'ar jihar, 7,070. Ga Pell, ga kuma tallafin jiha na TAP da yakan kai 5,665. Kin ga kuɗin aji ya biya kansa har da saura. Abin da ke kayar da su shi ne wurin kwana, da ci, da hutun hunturu lokacin da ake rufe ɗakunan kwanan ɗalibai kowa ya tafi gidansu, wanda ba shi da gida ya rasa inda zai nufa. Taki tana da gidanki, wannan kaɗai ya sa ta gaban da yawa. Ki bar mata gadonta ko da ta tafi makarantar kwana a can Bafalo ko Albani, kada a mayar da ɗakin wurin ajiye kayan sayarwa a watan farko.

Jihar tana da wani asusu tun 2015, FYCSI, na ɗaliban da suka taɓa zama a riƙon hukuma bayan shekara 13, da marayu. Shi ma taki ta riga ta shiga sahunsa. Ana amfani da shi wajen ɗaki, abinci, littattafai, har wurin zama lokacin hutu. Sai dai makaranta ba za ta san ta cancanta ba sai ta bayyana kanta ta cike takardar amincewa. Kunyar nan tamu ta kada a ji, a nan asara ce tsagwaronta. Ofishin tallafin karatu ba dandalin suna ba ne, ba wanda zai kai labari unguwa.

Wani abin da ake yin sake da shi: shirye-shiryen taimakon ɗalibai marasa ƙarfi, EOP a SUNY, SEEK da College Discovery a CUNY, HEOP a makarantu masu zaman kansu. Suna ba da mai ba da shawara na musamman, da darasin share fage kafin a buɗe makaranta, da ɗan ƙarin kuɗi. Ƙofarsu a fom ɗin neman shiga na farko take. Wanda bai nema ba a lokacin, da wuya ya shiga daga baya. A kwalejojin shekara biyu kuma akwai ASAP mai taimakawa da kuɗin jirgi da littattafai. A ganina mai ba da shawarar nan ya fi kuɗin amfani, saboda dalilin da zan faɗa.

Duk tallafin nan yana da sharaɗin ci gaba a karatu. A yawancin makarantu ana so matsakaicin makinta kada ya gaza 2.0 cikin 4.0, kuma ta ci kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ta ɗauka. Zangon farko shi ne mai haɗari. Wani yaro da na riƙa ya daina shiga aji biyu ba tare da ya janye a rubuce ba, saboda ya samu aikin dare a wani sito. Sai ga wasiƙa an dakatar da tallafinsa, har makarantar tana binsa kuɗi, ofishin kuma ya yi ta yi mana jeka ka dawo. Abin da ya cece shi shi ne takardar ɗaukaka ƙara, wadda kowace makaranta take da tsarinta, tare da wasiƙar ma'aikacin da ya san tarihinsa. Ki gaya mata tun yanzu: in darasi ya fi ƙarfinta, ta je ta yi magana kafin ranar ƙarshe ta janyewa, kada ta ɓace kawai. Pell ma ba ya dawwama, zango 12 ne iyakarsa a rayuwar mutum, duk wanda aka ɓata ya tafi.

Za kuma a saka mata bashi a cikin takardar tayin tallafi, a jere da kyautar kamar duk abu ɗaya ne. Da yake ana ɗaukarta mai cin gashin kanta, za a iya ba ta har dala 9,500 a shekarar farko, alhali ɗan da ke gaban iyayensa 5,500 ne iyakarsa. Yarinya 'yar 18 ta ga wannan adadin, sai ido ya rufe. Bashi ne mai ruwa, kuma ba dole ba ne, ana iya ƙin karɓarsa a ɗauki kyautar kaɗai. In a CUNY take tana kwana a gida, ban ga abin da zai kai ta gare shi ba.

Ba ki faɗi ko a nan aka haife ta ba. In a nan ne, shi ke nan. In da ita aka zo, ki ɗauki wannan da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa a sama, don Pell sai ɗan ƙasa ko mai girin kad ko ɗan gudun hijirar da aka amince da shi da makamantansu. Akwai hanyar samun takarda ta musamman ga yaran da kotu ta tabbatar ba za su iya komawa hannun ɗaya daga iyayensu ko duka biyun ba, ana kiranta SIJS. Dole a shigar kafin shekara 21, kuma yarinya ta kasance ba ta da aure. Na faɗi na auren ne da gangan, don na san mu, da ta gama sakandare 'yan'uwa za su fara kawo maganar wani ɗan gidan wane. Layin jiran girin kad ɗin yana da tsawo, gara a fara da wuri. Kafin takardar ta fito, dokar jiha ta 2019 mai sunan Sanata José Peralta ta buɗe TAP ga ɗaliban da ba su da takarda in sun yi sakandare a nan.

'Yan'uwa da ke wasu jihohi masu bin wannan zance, kada ku ɗauki lissafin Niyok ku ɗora a naku. FAFSA da Pell ɗaya ne ko'ina, sauran kuwa kowace jiha da nata. Teksas tana yafe kuɗin aji a makarantun gwamnati, Filorida tana yafewa har shekara 28, Pensilbaniya tana kallon wanda ya kasance a riƙo daga 16 zuwa sama kuma nata ya haɗa har da makarantu masu zaman kansu. Sannan riƙo irin namu na gida, wanda 'yar'uwa za ta turo miki ɗa ki haɗa da naki ba tare da kotu ta sani ba, ladansa yana wurin Allah amma ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan. In da irin wannan yaron a gidanku, maganar zuwa kotu a naɗa ku waliyyai ita ce abin tattaunawa da lauya tun bai kai 18 ba.

Ke kuma Hajiya, kafin a rufe fayil ɗin ko yaushe ne, ki karɓi wasiƙa a kan takardar hukuma mai ɗauke da ranar da yarinyar ta shiga riƙo da ranar da ta fita, da kwafin hukuncin kotu, da takardar haihuwarta ta asali, da katin lambarta ta soshiyal, wato Social Security. Ma'aikatan nan ba sa daɗewa a kujera ɗaya, wadda ta san ki yau bayan shekara biyu ba za ki same ta ba, kuma neman takarda a fayil ɗin da aka rufe wahala ce. Ki ɗauki hoton kowace ki tura wa yarinyar a imel ɗinta na kanta, ba na makaranta ba, don wancan ana rufe shi da ta gama. FAFSA a ka'ida yana buɗewa ranar 1 ga Oktoba na shekararta ta ƙarshe a sakandare, a cike shi a makonnin farko, a cike na TAP a zama ɗaya, sannan a nemi ETV da wuri don kuɗinsa yana da iyaka. Yaushe ne zamanku na gaba a kotu, kuma wane wata take cika 16?