Tambayoyinku: Manajan da ya ci kofi, me ya sa ake cewa bai iya ciniki ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Panteka, nan Kaduna. Ƙanina yana karatu a garin Edmonton na ƙasar Kanada, kuma tun da ya je can ya saki Arsenal ya kama ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Duk ranar da muka yi waya sai ya yi ta kushe wani Peter Chiarelli, wai shi ya ɓata wa ƙungiyarsu ta Oilers shekaru da mugun ciniki. Na bincika na ga mutumin nan ya taɓa cin kofi da ƙungiyar Boston. To Malam, wanda ya ci kofi yaya za a ce bai iya ciniki ba? Da wane ma'auni ake auna manaja a wasan nan? Ina son in sami abin faɗa wa yaron nan, don ya fara raina ni. Ya kuma ce wai akwai haifaffen Zariya da ya taɓa buga wasan, na ce masa ya raina wa wani hankali.

Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kawo tambayar inda ake neman ta, don ni ma wasan nan ya kama ni. Wani azumi ne ya jawo mini: wasannin NHL, babbar gasar wasan nan ta Amurka da Kanada, suna farawa ne cikin tsakar dare a agogonmu, ni kuma ba na iya komawa barci kafin sahur, sai na riƙa kallo a waya. Maiɗakina har yau cewa take yi ban san abin da nake kallo ba, tunda ƙwallon ma ba a ganin ta.

Kafin mu taɓa Chiarelli, sai ka cire tsarin ƙwallon ƙafa daga kanka. A can koci daban, babban manaja daban. Koci yana horarwa ya zaɓi masu shiga fili, babban manaja shi ke haɗa 'yan wasan, ya ba su kwantiragi, ya yi musaya da sauran ƙungiyoyi. Kuma musaya ce ta gaske, ba ni gishiri in ba ka manda: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da damar zaɓen matashi a zaɓen da ake yi duk shekara. Ba a zuba kuɗi a sayi mutum kamar yadda Real Madrid ke yi. A da ana haɗawa da kuɗi, don lokacin da Oilers ta Edmonton ɗin nan ta rabu da tauraronta Wayne Gretzky a 1988, dala miliyan 15 na cikin abin da Los Angeles ta bayar, amma yanzu doka ta hana. Sannan tun 2005 an yanka wa kowace ƙungiya iyakar albashin da za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya. Da dala miliyan 39 aka fara, a kakar 2016 zuwa 2017 da za mu yi magana a kanta ta kai miliyan 73. Mai ƙungiya ko ya fi kowa kuɗi ba zai haura ba. Saboda haka duk dalar da manaja ya ba wa ɗan wasan da ba ya tsinana komai, ya hana kansa ɗauko wani ne da ita.

To ga Chiarelli. Gaskiyarka, ya riƙe Boston daga 2006 zuwa 2015, ya kuma ci kofin gasar, wato kofin Stanley, a 2011. Ya yi ciniki mai kyau a can: a 2009 ya ba Toronto Phil Kessel ya karɓi damar zaɓe, Toronto ta yi rashin nasara a kakar, da yake ƙungiyoyin ƙasan teburi ne ke fara zaɓe, damar ta zama ta biyu a zaɓen 2010, ya ɗauki Tyler Seguin. Amma a 2013 ya tura Seguin ɗin Dallas yana ɗan shekara 21, yaron ya je ya ci ƙwallo 37 a kakarsa ta farko a can. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Edmonton ta ɗauke shi a 2015, shekarar da ta yi sa'ar samun matashin tauraro Connor McDavid. Abin da ya tarar shi ne mota mai ƙarfin inji ba birki: 'yan gaba zaratai, baya kuwa a buɗe, ƙungiyar ba ta shiga zagayen neman kofi ba tun 2006. Ranar 29 ga Yuni 2016 ya ba New Jersey Taylor Hall, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya karɓi mai tsaron baya Adam Larsson. Mutum ɗaya da mutum ɗaya, ba ƙari ba gyara. Wannan cinikin shi ne abin da ƙaninka yake kuka da shi, kuma zai gaya maka cewa a 2018 Hall ya tara maki 93 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) aka ba shi gwarzon ɗan wasan gasar.

A nan nake rabuwa da yawancin masu kushe. Kyautar da Hall ya ci bayan shekara biyu ba ita ce hujja ba, domin ranar cinikin babu wanda ya san za a yi haka. Kai ɗan kasuwa ne. In ka sayar da kaya yau, gobe dala ta tashi kayan ya ninka, ba za a ce ba ka iya ciniki ba, ƙaddara ce. Inda za a kama ka shi ne in ka sayar ƙasa da farashin ranar, alhali ba wanda ya matsa maka. Tambayar da nake yi wa kowane ciniki ke nan: ranar da aka sallama, da abin da kowa ya sani a ranar, farashin ya yi? Kuma wa ya tilasta sayarwar?

Da wannan ma'aunin ma Chiarelli ya faɗi, kuma faɗuwar ta fi muni. Hall yana da shekara 24, yana cikin fitattun masu kai hari ta gefe, yana da sauran shekaru huɗu a kwantiragin dala miliyan 6 a shekara, wato ba inda za shi. Larsson mai tsaron baya ne mai natsuwa, ba a raina shi, amma ba ya kawo maki. Buƙatar birki gaskiya ce. Sai dai wanda ya zo shagonka ya ajiye inji sukutum ya ɗauki birki ya tafi bai nemi ciko ba, kai ma ka san ka same shi a ɓagas. Tun a ranar masu sharhi suka yi ta mamaki, ba su jira 2018 ba. Laifinsa a wurina ba sayar da Hall ba ne, rashin neman ciko ne.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni haushi, kuma mutane ba su cika ambatonsa ba. Kwana biyu bayan cinikin ya ɗauko Milan Lucic, wanda ya sani tun Boston, don ya cike gurbin Hall: shekara bakwai, dala miliyan 42. Ka lissafa, miliyan 6 ne a shekara, daidai albashin Hall. Lucic yana da shekara 28, ƙato ne mai wasan ƙarfi da bangaza, irin wasan da ke cinye jiki da wuri. Ya ci ƙwallo 23 a kakar farko, 10 a ta biyu, 6 a ta uku. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ba a auna ciniki shi kaɗai, sai an haɗa da abin da aka yi da gurbin da kuma kuɗin da ya bari. In ka haɗa, Edmonton ta ba da Hall ta sami Larsson da nauyin albashin Lucic da sai a 2019 ta samu ta sauke wa Calgary.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. A kakar farko bayan cinikin Edmonton ta tara maki 103 a teburi, ta shiga zagayen neman kofi, sai a wasa na bakwai, wato na raba gardama, a zagaye na biyu Anaheim ta fitar da ita, kuma Chiarelli yana cikin mutum uku da aka ware don kyautar manajan shekara ta 2017. Wanda ya yanke hukunci a lokacin zai ce gwani ne. A shekarar kuma ya ba ɗan wasansa Leon Draisaitl kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 8.5 a shekara, aka yi ta cewa ya yi tsada, sai ga Draisaitl ya zama gwarzon gasar a 2020, kwantiragin ya koma araha. Ka tuna wa ƙaninka wannan, ina zaton ya manta.

Don ka ga bambancin wanda ya sayar don ra'ayi da wanda aka tilasta, dubi maƙwabtansu na Calgary a 2022. Matthew Tkachuk ya gaya musu ba zai sa hannu a doguwar yarjejeniya ba. Manajansu Brad Treliving, in ya zauna, yaro zai tafi a banza. Ya tura shi Florida ya karɓi Jonathan Huberdeau, wanda ya tara maki 115 a kakar da ta gabata, da mai tsaron baya MacKenzie Weegar, da wani matashi, da damar zaɓe a zagayen farko. A ranar yabo ya sha. Sai Huberdeau ya faɗo zuwa maki 55, Florida kuwa ta kai wasan ƙarshe a 2023, ta ci kofi a 2024 da 2025, duka biyun a kan Edmonton, abin da na san har yanzu yana ci wa ƙaninka rai. Sakamakon ya yi muni, amma ba zan zargi Treliving a kan musayar ba. In da zargi, to a kan shekara takwas da dala miliyan 84 da ya yi gaggawar ba Huberdeau ne, tun bai buga masa wasa ko ɗaya ba.

Akwai kuma cinikin da ba wanda ya cuci wani, don kowa abin da yake saye daban. A Disamban 1995 Dallas tana neman kofi da gaggawa, ta karɓi gogaggen ɗan wasa Joe Nieuwendyk daga Calgary, ta ba da matashin da ta zaɓa a shekarar, Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Dallas ta ci kofi a 1999, Nieuwendyk ne ma gwarzon zagayen. Iginla ya zama kyaftin ɗin Calgary, ya gama wasa da ƙwallo 625. Ɗaya ya sayi yau, ɗaya ya sayi gobe, kowa ya karɓi kayansa. Shi ya sa kafin ka ce an cuci ƙungiya sai ka tambaya: tana gab da kofi ne, ko gini take yi?

Mu koma kan tambayarka ta asali. Kofi ba ya wanke manaja, kamar yadda ciniki ɗaya ba ya kashe shi. George McPhee, yana Washington a 2013, ya ba da matashi Filip Forsberg ya karɓi Martin Erat, wanda ƙwallo biyu kacal ya ci musu, Forsberg kuwa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Nashville. McPhee ɗin ne kuma ya haɗa ƙungiyar Vegas daga tushe ta kai wasan ƙarshe a kakarta ta farko a 2018. Kowa yana tuntuɓe. Abin da nake nema shi ne ko tuntuɓen a dutse ɗaya ake yi. Na Chiarelli a dutse ɗaya ne. Seguin, na biyu a zaɓen 2010, ya sallama shi. Hall, na farko a zaɓen, ya sallama shi. A 2017 ya ba da Jordan Eberle ya karɓi Ryan Strome. A 2015 ya ba New York Islanders damar zaɓe biyu don Griffin Reinhart, wanda wasa 29 ya buga wa Edmonton, su kuwa suka ɗauki Mathew Barzal, wanda ya zama tauraronsu, da ɗaya daga cikin damar biyun. Ba na cewa lalle Barzal ɗin Edmonton za ta zaɓa, amma halin ya fito: mutum ne mai raina gwanintar matashi, mai tsadanta girman jiki da dattaku, a lokacin da wasan yake komawa na masu gudu. Salon da ya ci masa kofi a 2011 shi ya ɗauko ya kawo inda bai dace ba. An sallame shi a Janairun 2019, ƙungiyar tana da McDavid da Draisaitl amma tana fama a teburi.

Don haka ka ce wa ƙaninka ya yi gaskiya, amma hujjarsa ce ba ta yi ba. In ya kawo maka kyautar Hall ta 2018, ka ce masa wannan kowa ma ya gani bayan an yi. Ka tambaye shi nawa ne albashin Hall ranar da aka sayar da shi, nawa aka ba Lucic bayan kwana biyu. In ya yi shiru, ka ce ya turo kuɗin kati.

Maganar ɗan Zariya kuwa, a nan kai ka faɗi. Rumun Ndur, mai tsaron baya, a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Kanada. Buffalo ta zaɓe shi a 1994, ya buga mata, ya kuma buga wa New York Rangers da Atlanta. Sai ka kira yaro ka ba shi haƙuri, amma ka bari sai bayan ka gama da shi a kan Lucic.