Farin ɓawon da ke kama sandar farfela

Tambaya: Usta, mun ɗaga wani kwalekwalen masunta a nan Bur Sudan, sandar farfelarsa ta yi farin ɓawo kamar siminti. In zuba mata asid ɗin wankin banɗaki in bi da buroshin waya?

Amsa: Kul, ɗana, ajiye su duka biyun. Wancan asid haidurokulorik ne, yana huda sitenles, ƙarfen da aka yi sandar da shi, ƙanana-ƙanana, ya ci farfelar tagulla. Buroshin baƙin ƙarfe kuwa ɓurɓushinsa yake bari a jikin sandar, kwana kaɗan ta fara jan tsatsa.

Ɓawon nan yawancinsa alli ne, kalsiyam da maganiziyam na ruwan teku. Zinkin da muke ɗaura wa sanda don kada ta ci, shi ke jawo 'yar wutar da ke sa allin ya kwanta a kanta. Ga ruwan Bahar Maliya da ɗumi, ga gishiri kusan giram 40 a lita, don haka a nan yana saurin taruwa.

Fara kwance zinkin, don tsami na cinye shi. Toshe bakin bushin roba, wanda sandar ke juyawa a cikinsa, da tsumma. Ƙwanƙwashe kaurin da guntun katako. Sai ka jiƙa giram 100 na garin sitirik, milhul laimun ɗin da ke shagon kayan miya, a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. In babu, khal, wato binega, ma yana yi, sai dai a hankali. Tsoma tsumma, naɗe sandar, ka rufe da leda, in ba haka ba zafin ranar garin nan zai busar da shi kafin ya yi aiki. Bayan minti 30 ka goge da koren soson wanke-wanke. In da saura, maimaita. Ɗauraye da ruwa mai ɗan bekin soda, sannan da ruwan daɗi mai yawa. Sa safar hannu da tabarau.

Wurin da sanda ke juyawa cikin bushi da sil mai tare ruwa, nan za ka fi natsuwa. Ɓawo kaɗan a wurin ya isa ya yaga roba, ruwa ya fara shiga. Bi da farce. Sitenles iska yake so, ƙarƙashin ɓawo kuwa babu ita, shi ya sa ake samun ramuka a ɓoye. Rami mai zurfi kusa da mazaunin farfela ba na sanfefa ba ne, ka kira ni a cire sandar.

In ɓawon ya dawo da kauri cikin ɗan lokaci, duba ko an jibga zinki fiye da kima, ko an sa na maganiziyam wanda na ruwan Nilu ne, ko wutar batir na zurarewa. Zinkin da ya cinye rabi a canja shi. Mazauninsa ya yi ƙyalli, ba fenti ba giris, ka ɗaure kusoshin tamau.