Mai gwal ya ce tsohuwar sarƙar da na saya a gwanjon Ingila jabu ce: in bari ya sa mata magagari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sayen gwal na Dubai da na Saudiyya, amma ban taɓa sayen tsohon kaya ba sai wannan karon. Ɗana da ke karatu a Ingila ya saya mini wata sarƙar wuya a gwanjon intanet. Fam 900 aka sallama ta, da aka haɗa la'ada da haraji kuɗin ya haura fam 1,200. A takardar gwanjon sun ce ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce. Nauyinta giram 9.6, tana da ƙananan lu'ulu'u da wasu shuɗayen duwatsu, a jikin maɓallin kuma an buga 15ct. Na kai wa mai gwal ɗinmu a kasuwa, ya goga ta a dutse ya ɗiga ruwa, ya ce shi bai taɓa jin gwal mai karat 15 ba, an dai yi mini wayo. Ya ce in bari ya ɗan ci ta da magagari ya ga cikinta. In gwal ce zai wanke ta ya sa mata ruwa ta yi ja kamar ta Dubai, ko ya narka ya ba ni kuɗin nauyi, wanda bai kai rabin abin da na biya ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. An cuce ni ne?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, in sarƙar tana shagonsa ki aika a karɓo ta yau. Kada magagari ya taɓa ta, kada a wanke, kada a sa mata ruwan gwal.

Karat 15 gwal ne na gaskiya, doka ce ma ta kafa shi. A 1854 Ingila ta halatta karat 9 da 12 da 15 a kan 18 da 22 da take da su. A 1932 aka soke 12 da 15, aka maye gurbinsu da 14. Wato tambarin 15 ya dace da zamanin da suka faɗa miki, domin Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Tsantsar gwal a karat 15 kashi 62.5 ne cikin ɗari, na 21 da kika saba da shi kuma 87.5. Shi ya sa launinta bai kai na Dubai ja ba. Ruwan gwajin da 'yan gwal ke ajiyewa kwalba-kwalba ne, kowace da ƙarfinta, kuma wanda kasuwarsa 18 da 21 ce yawanci nasu yake ɗigawa. Zanen karat 15 a kan baƙin dutse zai tsaya wa ruwan 14, ya dushe a ruwan 18. Abin da ya gani ke nan ya yanke hukunci. Gwajinsa ya nuna sarƙar ba ta kai 18 ba, bai nuna jabu ce ba.

Amma kada ki ɗauka tambarin ya gama magana. Akwai bambanci tsakanin hatimin ofishin gwaji da rubutun da maƙeri ya buga da kansa. Cikakken hatimi na wancan zamani jeri ne na ƙananan alamomi: haruffan sunan maƙeri, lamba 15 da .625, alamar gari, da harafi guda mai nuna shekara. Kan damisa na Landan ne, anga ta Birmingham, dammunan alkama uku da takobi na Chester, wanda aka rufe ofishinsa a 1962. Rubutun 15ct shi kaɗai iƙirarin maƙeri ne. Sau da yawa gaskiya ne, domin ɗimbin kayan adon wancan lokaci ba su taɓa zuwa ofishin gwaji ba, amma kowa na iya sayen ƙarfen bugawa ya buga. Kuma tambarin maɓalli maɓallin kawai yake wa shaida. Ana cire maɓallin gwal daga wata sarƙa a ɗaura wa ta tagulla mai ruwan gwal. Ki sa madubin da ke ƙara girma sau goma ki duba ɗan zoben da ya haɗa maɓallin da sarƙar: in launinsa ya bambanta, ko liƙinsa toka-toka ne, an yi canji. Ki duba kuma wuraren da ke gugar juna da bayan da ke kwanciya a wuya. Kayan da aka lulluɓe da gwal, bayan shekara ɗari da ɗoriya, sukan tona kansu a nan, ki ga ja ko kore-kore na leƙowa. Haruffan RG ko GF a ko'ina a jikinta na nufin lulluɓi ne.

Ki koma ga takardar gwanjon ki karanta kalma-kalma. Gidajen gwanjo na can ba sa rubutu da ka. In sun ce akwai hatimi, sun tsaya a kai. In sun ce "an buga 15ct", abin da ido ya gani kawai suka faɗa. In kika ga "yellow metal", wato rawayan ƙarfe, sun ƙi su rantse cewa gwal ce, ko da sun yi zaton haka. Ɗanki ya nemo sharuɗɗan gidan yau, domin wa'adin mayar da kayan da aka tabbatar jabu ne gajere ne a ƙananan gidaje, makonni kaɗan, kuma sharaɗin da kusan ko'ina za ki tarar shi ne a mayar da kaya yadda aka sayar da shi. Cizon magagari guda ya soke miki wannan haƙƙi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato maganar "a wanke a sa ruwa". Wannan ita ce ɓarnar da ake yi wa tsofaffin kaya kullum, da hannun mutanen da ke ganin taimako suke yi. Tushenta ɗaya ne: an saba auna gwal da sikeli kawai. A sarƙar Dubai wannan daidai ne, kuɗinta nauyi ne da ɗan kuɗin aiki, in ta tsufa a narka a yi sabuwa, ba a yi asarar komai ba. Tsohon kaya ba haka yake ba. Lissafa da kanki: giram 9.6 a karat 15 tsantsarsa giram 6 ne, kafin ma a cire nauyin duwatsu. Mutanen da suka yi ta ɗaga farashi tare da ɗanki har fam 900 sun san wannan lissafi sarai. Abin da suka biya a kan giram shidan nan kuɗin aikin hannu ne, da shekaru, da kasancewar ba a taɓa ta ba. Wanda ya narka ta ya yi kamar mai kai tsohon littafin da aka rubuta da hannu wurin mai ƙosai a auna masa a kilo.

Bari in faɗa miki abin da kowane mataki na "wankin" zai yi. Maƙeran Ingila na wancan zamani sukan tsoma kayan karat 15 a wani haɗin asid da ke cinye jan ƙarfe da azurfar da ke fuskar kayan, ya bar wata siririyar fata ta kusan tsantsar gwal, mai laushin gani, ba ƙyalli. Masu tara kaya wannan fatar suke nema. Mai wanki kuwa dusashewa yake gani, sai ya ɗora a injin gogewa, cikin minti biyu ta tafi, kuma ba ta dawowa yadda take. Injin ba a nan yake tsayawa ba. Yana shafe gefen zane, yana cinye ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da duwatsu, yana kuma dusar da tambarin da muke ta magana a kansa.

Lu'ulu'un da kika gani, wato irin na cikin kawa (pearl), ba daimon ba, yawancinsu rabi-rabi ne, an zaunar da su a ƙananan ramuka, wasu da ɗan manne a ƙasa. Lu'ulu'u dangin alli ne, duk wani abu mai tsami yana cin sa: ruwan gwaji, lemon tsami, tsamiya, ruwan kal. Ɗigo guda ya kashe masa haske. Ruwan zafi da injin nan mai girgiza ruwa suna sassauta mannen, ki wayi gari ramuka babu kowa. Shuɗayen duwatsun, in fairuza ne kamar yadda aka saba haɗawa da lu'ulu'u a lokacin, suna shan mai da sabulu da turare su koma kore, kuma babu wankin da ke fitar da shi. In kuma akwai dutsen da bayansa a rufe yake, to akwai yiwuwar an sa masa ɗan siririn takardar ƙarfe a ƙasa don ya yi haske. Ruwa na shiga can ya zauna, takardar ta yi baƙi, dutsen ya mutu.

Sa ruwan gwal ya fi duka muni. Za a tsoma sarƙar gaba ɗaya a sinadari, ta fito da launin da babu wani kayan 1880 da ke da shi. Duk dillalin da ya san aikinsa zai gane daga nesa, kuma tunanin farko da zai yi shi ne me ake ɓoyewa a ƙarƙashi. Sarƙar gaskiya sai ta koma abin zargi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wuta ma haka. Tsofaffin kaya da yawa an taɓa gyara su da liƙin dalma, kuma dalma in ta ji wutar maƙera tana kutsawa cikin gwal ta ci shi, wurin ya rube. Gyaran irin waɗannan da injin leza ake yi, wanda zafinsa bai wuce wurin liƙin ba. Maƙerin da ba shi da shi, ko bai iya cire duwatsu ya mayar ba, ya bar kayan.

Sai kuma malaman bidiyo na waya, waɗanda kowa a cikinsu ya zama gwani. Wannan ya ce a sa maganaɗisu, wancan ya ce a jiƙa a bilic, wani ya ce a goge da man goge baki ko toka. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, saboda haka jabu ma tana cin wannan jarrabawa. Yana kuma iya kama maɓallin sarƙar gaskiya, domin ɗan sifirin da ke ciki baƙin ƙarfe ne. Bilic yana raunana gwal mai ƙaramin karat har ya riƙa tsagewa a wuraren liƙi. Man goge baki da toka karce suke yi. Wai gwal na gaske ba ya dushewa: na 22 ke nan. Wanda kusan kashi 38 cikin ɗarinsa jan ƙarfe ne da azurfa dole ya ɗan yi duhu a lunguna, kuma wannan duhun shaida ce ta shekaru, masu saye suna son ganinsa. Ban ce mai gwal ɗinki macuci ba ne. Ya san sana'arsa, amma wannan ba ita ba ce, kuma wanda zai sayi kayanki a kuɗin nauyi bai kamata ya zama shi ne alƙalin da zai ce ba su da wata daraja sai nauyi ba.

Gwajin da ya dace shi ne na injin XRF, wanda ke haska ƙarfe ya karanto abin da ke cikinsa ba tare da karce ba. Manyan 'yan gwal da masu sayen zinaren haƙa suna da shi. A haska aƙalla wuri uku: maɓalli, tsakiyar sarƙa, da bayan wurin da duwatsu suke. Ki nemi a nuna miki lambobin, kada a ce miki "ya yi" ko "bai yi ba". Kusan 62 cikin ɗari ake nema. Injin fuska kawai yake karantawa, saboda haka a wurin da fatar nan take zai iya nuna fiye da haka, a wurin da ya goge ya nuna daidai. In kuwa wurin da ya goge ya faɗi ƙasa sosai, jan ƙarfe da tutiya suka hau, to lulluɓi ne, sai ɗanki ya rubuta wa gidan gwanjon da hotuna da sakamakon. Gwajin auna nauyi a cikin ruwa ba zai yi a nan ba, saboda duwatsun, kuma kin ji abin da ruwa ke yi.

Kuɗin da ya haura 1,200 ba cuta ba ce. In la'adar gidan kashi 25 ce, fam 225 ke nan a kan 900, harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar fam 45, dandalin intanet da aka yi tayi ta cikinsa shi ma yana ɗora nasa kashin. Nan gaba a lissafa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallama a kai kafin a fara tayi, a kuma nemi rahoton lafiyar kaya da hotunan bayansa da tambarinsa tun kafin ranar gwanjo, kyauta suke bayarwa. In kin tashi sayarwa, kasuwarta tana can inda aka sayo ta, kuma mai sayarwa ma ana cire masa la'ada, don haka wanda ya saya yau ya mayar gobe faɗuwa zai yi. In ajiyar kuɗi kike nufi, wadda za ki kai kasuwa ranar buƙata a ƙirga miki nan take, ki tsaya a kan 21 da 22 marasa duwatsu, ko tsabar fam na zinare na Ingila, mai giram 7.98 a karat 22.

Ita kuwa wannan, ki sa ta bayan kin gama shafa humra da turaren wuta, ba kafin ba, ki cire ta kafin alwala da wanka. Ki share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, ki fara hure ƙurar tukuna, musamman da hunturu, domin ƙurar tana ɗauke da yashin da ya fi lu'ulu'u tauri. A ajiye ta ita kaɗai a ƙyallen auduga, ban da cikin leda, ban da kusa da awarwaron da za su goge ta. Takardar gwanjon da rasit da hotunan da suka sa a shafinsu ki buga su ki ajiye tare da ita, domin ranar sayarwa ko rabon gado su za a fara tambaya.