Tambaya da Amsa: Tattaki Zuwa Tafkin Rotomairewhenua

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Niyu Zilan. Mu huɗu muke so mu je Tafkin Rotomairewhenua, wanda Turawa ke kira Blue Lake, a hutun Disamba. Kwana nawa zai ci mu, kuma wane shiri za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kun dace da lokaci, domin Disamba farkon zafi ne a can. Daga Mayu zuwa Nuwamba ƙanƙara kan zaftaro daga kan duwatsu ta binne hanyar.

Tafkin yana cikin gandun Nelson Lakes, kuma mota ba ta zuwa. Daga Tafkin Rotoroa za ku shiga kwale-kwale mai inji zuwa masaukin Sabine, ku taka ƙafa kamar awa 5 zuwa masaukin West Sabine, ku kwana. Washegari hawa ne na awa 3 zuwa 4 kafin masaukin bakin tafkin, mai gado 16. Zuwa da dawowa kwana 4 ke nan, amma ku yi guzurin kwana 5. Ku fara biyawa ta ofishin hukumar gandun daji, DOC, a garin St Arnaud, ku ji halin hanya da maganar gado. Alamar hanya 'yar leda ce ruwan lemo mai kusurwa uku, manne a jikin itatuwa. Idan kun daina ganinta, ku koma kan ta ƙarshe da kuka gani.

Abin da muka fi ji muku tsoro shi ne rafi da sanyi. Babban kogin da hanyar ke bi, wato Sabine, yana da gadoji, amma wasu ƙananan rafuka babu, kuma ruwan dare ɗaya ya isa ya cika su. In ruwan ya yi duhu, ko yana ɗauke da itace, ko kuna jin duwatsu na gangarawa a ƙasansa, ko gudunsa ya fi tafiyar mutum, kada wanda ya sa ƙafa. Ku zauna ku jira, yadda ya cika da wuri haka yake janyewa. Guzurin kwana na biyar ɗin domin wannan ne.

Kada ku sa kayan auduga ko jins. Auduga in ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki, har mutum ya fara karkarwa, magana ta sarƙe, hankali ya gushe. Ku sa ulu, ku ɗora rigar ruwa. Ku shimfiɗa babbar leda a cikin jaka kafin ku zuba kaya. Waya ba ta kamawa, don haka ku yi hayar na'urar neman ceto mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ku kuma gaya wa wani ranar dawowarku. Rina na da yawa a dajin lokacin zafi, a tafi da maganin harbinta.

Tambaya: To, za mu iya alwala da ruwan tafkin?

Amsa: A'a, ko yatsa kada ku tsoma. Wuri ne mai alfarma ga al'ummar Ngāti Apa ki te Rā Tō, wata ƙabilar Māori, 'yan asalin ƙasar. Binciken da NIWA, cibiyar nazarin ruwa da yanayi ta ƙasar, ta yi a 2011 ya nuna ana iya hangen abu a cikinsa daga nisan mita 70 zuwa 80, domin ruwan daga Tafkin Rotopōhueroa da ke samansa yake tsatsowa ta cikin tarin duwatsu ya fito a tace. Akwai wani gansakuka mai yauƙi da ya riga ya shiga Rotoroa, yana bin jiƙaƙƙen takalmi da gora, ɗigo ɗaya na iya ɓata tafkin. Ku yi alwala da ruwan masauki, nesa da bakin tafkin. Alƙibla kuwa a can yamma take, da ɗan karkata zuwa kudu.