Ku Tambayi Kafinta: Injin sassaƙa mai kwamfuta, ta ina ake farawa?

Assalamu alaikum. Tun da na ba da labarin ɗan injin sassaƙan da na ajiye a kusurwar rumfata, saƙonni ke ta shigowa, wasu ma da ƙafarsu suka zo ganinsa. Na zaɓi biyar da na ga amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya daga wani matashi a unguwar Zariya, Maraɗi: "Baba, shekara biyu ke nan da na gama koyon kafinta. Ina ganin ƙofofi da kawunan gado masu zane da ake shigowa da su daga Kano, an ce inji ke yin su. Na tara 'yan kuɗi, kuma wani mai odar kaya daga Sin ya nuna mini ƙaramin CNC, wato injin sassaƙa mai kwamfuta, mai lamba 3018. In saya in fara yin ƙofofi?"

Ɗana, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Kada ka saye shi da niyyar ƙofa. Lambar nan 3018 awo ce: filin aikinsa santimita 30 ne a tsawo, 18 a faɗi, wato bai kai fallen takardar da ake buga wasiƙa a kanta ba, kuma bakinsa, wato ƙarfen da ke juyawa yana cin katakon, ba ya hawa da sauka fiye da santimita 4 da rabi. Ƙofa kuwa mita 2 ce. Waɗanda ka gani, babban inji ne ke yin su, irin wanda ake kira 1325, mai filin santimita 130 da 250, da ke haɗiye cikakken faifan katako na 122 da 244 a tashi ɗaya. Injin da ke juya bakinsa yakan kai kilowat 3, sau da yawa da ruwa ake sanyaya shi, kuma sai ka ba shi ɗaki guda da wuta mai ƙarfi. Wannan jarin Alhazai ne.

Amma ban ce ka raina ƙaramin ba, don da shi na fara, kuma da rarrafe yaro kan tashi. Yaren da yake ji shi ne yaren da babban ke ji. Aikin hawa uku ne. Da farko ka zana abin da kake so a kwamfuta. Sannan wata manhaja ta mayar da zanen ya zama hanyar da baki zai bi: ta nan za ka shiga, zurfi kaza, sauri kaza. Abin da ke fitowa jerin umarni ne da ake kira G-code, layi bayan layi, sai a tura wa injin yana karantawa yana tafiya. Tun 1952 aka fara nuna inji mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da takarda mai huda ake ba shi. Yau ƙwaƙwalwar ɗan injin nan wata manhaja ce kyauta mai suna GRBL, wadda wani ɗan ƙasar Nowe ya fara rubutawa a 2009, tana zaune a kan guntun allon lantarki da bai kai tafin hannunka ba.

Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna na wata guda. Ka samu kwamfuta, ko tsohuwa ce, ka sa mata manhajar zane mai suna Inkscape, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Kullum bayan isha'i ka zana abu ɗaya: sunan shago, lambar gida, dagin Arewa, zanen da ke jikin soron gidajen da. Dagin nan shi ne jarrabawa, don layukansa suna hawa kan juna suna shiga ƙarƙashi, wanda ya iya zana shi da tsabta ya iya yawancin abin da za a kawo masa. Idan wata ya cika kana jin daɗin zaman, ka saya. Idan ka ga zaman gaban kwamfuta ya gundure ka, to ka tsira da kuɗinka, ka ƙara su ka sayi injin goge katako mai kyau. Na ga samari biyu da injinsu ke ƙarƙashin gado yau, kuma dukansu zanen ne ya kayar da su.

In ka tashi saye, ka lissafa da kuɗin duwan da na dako, kuma ka haɗa da bakuna aƙalla ashirin a oda ɗaya. Bakin da yake ci mai kaurin milimita 3.175 ne, ni dai ban taɓa samunsa a shagunan da nake sayen ƙusa da sanfefa ba. Abin da za ka sayar da shi ƙanana ne: allon suna na ƙofar ofis, hatimin katako, maƙalin mabuɗi, murfin akwatin lefe mai sunan amarya. Ribarsu kaɗan ce, amma kowanne darasi ne da wani ya biya maka.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tasawa: "Na sayi nawa wata uku da suka wuce, na sa masa injin gyaran gefen katako a madadin ƙaraminsa. Baki huɗu na karya, kuma katakon yana ƙonewa yana baƙi duk da ina tafiyar da shi a hankali. Me nake yi ba daidai ba?"

Malam, a hankalin nan ne matsalar. Kowa haka yake farawa, yana tausaya wa injin, yana ganin in ya rage sauri ya kyauta masa. Ka tuna yadda kurfi ke aiki a hannu: dole ya ciro ɓawo. In ka yi ta goga shi a wuri ɗaya bai ciro komai ba, zafi kawai zai yi ya dushe. Bakin inji ma haka ne, ɓawon da yake cirewa shi ke tafiya da zafin.

Ga lissafin. Ka ɗauki tafiyar inji a minti, ka raba da juyin baki a minti, ka sake rabawa da yawan haƙoran bakin. A ce bakinka mai haƙori 2 ne, yana juyi 18,000 a minti, kana tafiya milimita 300. Kowane haƙori yana cizon milimita 0.008 ke nan, wanda gashin kanka ya fi shi kauri nesa. Wannan guga ce, shi ya sa kake ganin gari mai laushi da hayaƙi. Don haƙori ya ciji milimita 0.05 a wannan juyin, sai ka yi tafiyar milimita 1,800 a minti. In jikin injinka ba zai jure wannan ba, ka rage juyin, ko ka nemi baki mai haƙori ɗaya. Sannan ka rage zurfi: gara ka wuce sau shida kana cin rabin milimita da ka nutsa milimita uku a tashi ɗaya. Ka riƙa ɗibar dusar da ke fita kana murzawa a yatsa. In ka ji ta kamar tsakin gero, kana kan hanya. In kamar garin tuwo take, ka gyara.

Karyewar baki kuma, kafin ka zargi bakin ka duba ɗaurin katakon. Nawa na farko da ya karye, allon wani mai shago nake yi, na ɗaure gefe biyu na bar biyu, faifan ya ɗaga kaɗan a tsakiya, bakin ya kama ya tsinke, guntunsa ya wuce ta gefen kunnena ya bugi kwanon rufi. Tun ranar ba na kunna shi sai da tabarau na kariya, kuma ba na barin yaran rumfa su leƙa kusa. Ka kuma fara koyo da farin katako, mai taushi. Maɗaci ya jira sai hannunka ya faɗa, ƙirya kuwa, wadda ake turmi da ita, ka bar wa masassaƙa da gizagonsu.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: "Sau biyu wuta na ɗaukewa ina tsakiyar aiki, in ta dawo sai injin ya ci gaba a wani wurin daban ya lalata katakon. Akwai dabara?"

Ƙanena, akwai. Ƙananan injunan da ke tura shi taku suke yi, taku 200 a kowane zagaye, kuma ƙwaƙwalwar ƙirga takun kawai take yi, ba ta da idon ganin inda bakin yake. In wuta ta ɗauke, injunan sun tsaya, amma allon yana iya ci gaba da samun wuta daga kwamfutarka ta igiyar USB, yana ta ƙirga takun da ba a yi ba. Daga nan lissafi ya ɓace.

Abu mafi sauƙi, ka raba shi da wutar gari. Abin da ke ba 3018 wuta volt 24 ne da amfiya 5, bai wuce wat 120 ba, batirin sola ɗaya da ƙaramin inbata sun riƙe shi. Na biyu, ka sa masa 'yan makunnai a ƙarshen kowace hanya, ka buɗe GRBL ka mayar da saitin da ake kira $22 ya zama 1. Daga nan duk lokacin da ka ba shi umarnin $H zai koma kusurwarsa ya gane gida, kuma wurin da ka sa masa a matsayin mafarin aiki yana nan a ajiye ko wuta ta ɗauke. Ni kuma ina da wata al'ada: aikin da zai ci awa biyu nakan yanka shi kashi huɗu, kowanne da fayil ɗinsa, in wani abu ya faru kashi ɗaya kawai zan maimaita.

Ka sani kuma ba wuta kaɗai ke ɓatar da taku ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, 'yan na'urorin da ke tuƙa injunan sukan yi zafi su kashe kansu na ɗan lokaci, sai ka ga zane ya goce ba dalili. Ka sa wa allon ƙaramar fanka, ka yi doguwar sassaƙa da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka lafta giris a kan sandunan, yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar sanfefa ya cinye su. Buroshi da ɗigon mai marar kauri sun isa, ka rufe shi da zane in ka tashi.

Tambaya daga wata Hajiya mai yin kek a Ali Ɗan Sofo: "Ina so in riƙa yanka sunayen da ake sokawa a kan kek, da zanen lalle na roba. An ce in sayi mai hasken leza. Kuma a tsakar gida zan ajiye shi."

Hajiya, sana'ar nan ta dace da ƙaramin inji ƙwarai, kuma na yi murna da tambayar. Sai dai abu biyu. Kada ki taɓa ƙona robar PVC da leza, hayaƙinta na da sinadarin kulorin, yana cutar da huhu yana kuma cin ƙarfen injin. In ba ki tabbatar da irin robar ba, ki bar ta. Hasken kuma yana makantarwa a ƙiftawar ido, ko da daga jikin wani abu mai sheƙi ya dawo, don haka tsakar gida inda yara ke kai da kawo ba wurinsa ba ne. Ki ware masa ɗaki mai taga da mabuɗi, nesa da inda kike kwaɓa fulawa, ki sa tabarau da aka yi don irin hasken. In katakon MDF, wato faifan da ake yi da garin katako, za ki yanka da baki, ki rufe hanci da abin da ke tace ƙura sosai, don da gam mai sinadarin fomaldehaid ake matse shi.

Tambaya daga wani mai walda a Tibiri: "Ni ba na son saye. Ina da ƙarfe ina da injin walda. Zan iya ƙera nawa?"

Abokina, za ka iya, kuma masu irin hannunka nake fata su shiga harkar nan, don ranar da aka fara ƙera jikin injin a nan, kuɗin dako ya ragu da yawa. Amma sana'arka ce za ta fara yi maka tarko. Walda na jan ƙarfe, ka fi ni sani. Karkatar milimita 2 a ƙofar gida ba mai gani, a nan kuwa kowane da'ira zai fito kamar ƙwai. Ka yi waldar teburin da zai zauna a kai, amma inda hanyoyin za su kwanta ka huda ka ɗaure da noti, yadda za ka iya kwancewa ka daidaita. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, sai awon ya zo ɗaya kafin ka matse.

Kada ka fara da mai cin cikakken faifai. Santimita 60 da 90 ya isa na farko, don duk ƙarin tsawo ƙarin lanƙwasa ne. Abin da za ka yi oda shi ne hanyoyin ƙarfe masu ƙwallaye, injunan taku masu girman NEMA 23 da na'urorin tuƙa su, da allon ƙwaƙwalwa. Wurin juya baki, injin gyaran gefen katako na Makita RT0700 mai wat 710 yana yi, juyinsa daga 10,000 zuwa 30,000 ne kuma ana iya rage shi. Ka sa babban jan maɓallin tsayarwa inda hannu zai kai ba tare da ka duba ba, ka kuma haɗa jikin injin da wayar ƙasa.

In ka gama haɗawa, kada ka sa katako tukuna. Ka ɗaura biro a wurin baki, ka shimfiɗa takarda, ka umarce shi ya ja layin milimita 100, ka auna. In ka samu 98, ka ɗauki lambar da ke $100 a GRBL, wato yawan taku a kowace milimita, ka ninka da 100, ka raba da 98, ka mayar masa. Haka za ka yi wa $101 da $102, na sauran hanyoyin biyu. Sannan ka sa ya zana murabba'i da da'ira a cikinsa. Ka kawo mini takardar ranar da ka shigo Maraɗi cin kasuwa, mu ɗora sikwaya a kai tare.