Abin da muke dogaro da shi a bakin Nilu

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko muna da inshorar gida a nan Sudan, har ka ƙara da cewa ai mu mun riga mun zama Larabawa. Ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai. Kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka zauna ma ya ci sunansa. Har gobe da Hausa ake yi wa yaro faɗa a gidanmu.

Inshora kuwa akwai ta. Kamfanin inshorar Musulunci na farko ma a Sudan aka kafa shi a 1979. Amma ta masu motoci ce da manyan 'yan kasuwa. Wa zai karɓi gidan laka da ke gaɓar kogi? Ko an karɓa, manomin da kuɗi ke narke masa a hannu da me zai riƙa biya?

A daminar 2020 kogin ya haura mita 17 a Khartoum, ya zarce cikar 1946 da ta 1988 da tsofaffi ke ba mu labari. Gidaje fiye da 100,000 suka lalace, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Da idona na ga katangar ɗakin Inna ta jiƙe tun daga tushe, ta zauna a hankali kamar raƙumi. Kwanukan jerenta na aure a cikin taɓo muka tsince su.

Wanda ya fara isowa da asuba da buhunan yashi shi ne mijin ƙanwata, wani Balarabe, wanda wasu dangi daga Sakkwato suka yi ta gunaguni a kan aurensa. Ya zo da 'yan'uwansa shida. A nan nafir ake cewa, ku kuna cewa gayya. Aikin ɗaya ne. Mata suka kwashe adashinsu aka sayi itacen rufi, kafin sanyi ya shigo ɗakin ya tashi.

Damuwata ita ce gayya tana iya tayar da gida biyu ko uku, ba unguwa guda ba, ga shi yanzu ruwan da ake yi a wata yakan sauko a dare ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya watsa samarin da ke kwaɓa ƙasa. Na roƙi Inna mu koma tudu, ta ce nan aka binne cibiyarta, kuma kabarin Baba na kusa.